Ɗan haya bayan ambaliya: yadda muka samu matsuguni a gine-ginen gwamnati a Maiduguri

Tun bayan ambaliyar da ta afka wa Maiduguri a watan Satumban 2024, duk lokacin da ruwa ya ci wani gari, kamar yadda ya ci Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, sai 'yan uwa da abokan arziki su kira ni suna tambaya: ta ina ake farawa, wa ake gani, wace takarda ake nema. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta abin da muka bi daki-daki, ko wani ya huta da ruɗanin da muka shiga. Ni tela ne, ina hayar ɗaki biyu a wani gidan haya a unguwar Gwange, ni da iyalina da yara huɗu da mahaifiyata. Abin da zan faɗa ya fi shafar talaka ɗan haya, domin shi ne ba shi da fili ba shi da katanga da zai nuna ya ce nan nawa ne, kuma sunansa ne ya fi saurin ɓacewa a takarda.

Tun farkon watan ruwan kogin Ngadda yake ta hauhawa, har gwamnatin jihar Borno ta ɗage komawar yara makaranta da mako biyu. Daren Litinin wayewar Talata 10 ga Satumba madatsar ruwa ta Alau, wadda ke da nisan kimanin kilomita 20 daga gari, ta ɓalle. Dattawan unguwa da suka ga ambaliyar 1994 sun ce wannan ta fi waccan. Kafin asuba ruwa ya kai mana ƙirji a tsakar gida. Na goya Inna a baya, uwargida ta ɗaura wata baƙar leda a ka ƙarƙashin ɗankwali, cikinta akwai rasit ɗin haya da katin zaɓenmu da katin asibitin yara, muka fita muna riƙe da juna. Da gari ya waye muka ji cewa Kasuwar Monday, fadar Shehu, asibitin koyarwa na jami'a, gidan zoo da gidan yari duk ruwa ya shiga, gadoji sun nutse, gari ya rabu biyu. Motar sojoji ce ta kwashe mu daga inda muka maƙale a bakin titi ta sauke mu a wata makarantar gwamnati da ke kan tudu. Daga baya aka ce mutanen da ruwan ya raba da gidajensu sun kai wajen 400,000, an buɗe sansanoni sama da 30, yawancinsu makarantu da wasu gine-ginen gwamnati.

A makarantar nan ruɗani na farko ya same mu, wato maganar rubuta suna. Kowa ka gani da littafi da biro a hannu sai mutane su yi masa caa. Masu ƙungiyoyin agaji suna rubutawa, matasan unguwa suna rubutawa, wakilan 'yan siyasa suna rubutawa, har da wani yaro da ba ma'aikacin kowa ba ne yana karɓar naira 500 a kan kowane suna, ya tara abin da ya tara ya ɓace. Wani malamin makarantar, dattijo mai haƙuri, shi ya ja ni gefe ya ce, "Malam tela, kada ka wahalar da kanka. Rajistar da za ta yi maka amfani ita ce wadda za a ba ka kati a hannu. Duk wadda ba kati, sadaka ce ta yini guda." Gaskiyarsa. Rajistar hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, ita ce ke tafe da kati, kyauta ake yi, kuma da sunan magidanci ake yi, a rubuta yawan iyalinsa da unguwar da ya fito. Matan da mazansu suka rasu ko ba sa nan, su ma ana rubuta su a matsayin masu riƙe da gida, layinsu daban. A wurinmu da duku-duku aka zo rabon katin, ba sanarwa, aka rufe ƙofar makaranta aka ƙirga waɗanda suka kwana a ciki. Dalili a fili yake: da rana mutanen da ruwa bai taɓa su ba suna shigowa su shiga layi. Amma hakan ya cuci wasu bayin Allah da suka tafi duba gidajensu suka kwana can saboda ɓarayi. Maƙwabcina ɗaya haka ya rasa kati, sai da ya sha zarya kafin a saka shi a jerin ƙari.

Zaman makaranta ba sai na tsawaita ba. Mata da yara a cikin aji, an tura bencina gefe guda, maza a baranda da ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Ana kawo dafaffiyar shinkafa a manyan tukwane, wata rana ta isa, wata rana ta ƙare kafin layi ya kai rabi. Da katin nan aka ba kowane magidanci naira 10,000. Kuɗin ba su jima ba: cajin waya naira 200 a wurin mai janareta a bakin ƙofa, maganin hawan jinin Inna da ruwa ya tafi da shi, sabulu, silifas ɗin yara. Abin da ya fi yi mini ciwo a kwanakin nan shi ne ganin mahaifiyata, wadda ko ƙofar gida ba ta fita sai da lulluɓi, tana bin layin ban-ɗaki da buta a hannu a cikin ɗaruruwan mutane. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Abincinta kawai ta rage don kada ta riƙa yawan fita.

Da ruwa ya fara janyewa aka sanar cewa za a tashi makarantu domin yara su koma karatu. Nan hanya ta rabu biyu, kuma ya kamata kowa ya fahimci wannan mataki da kyau. Wanda gidansa yake tsaye, sai a ba shi kayan abinci na ɗan lokaci ya koma ya kwashe laka ya ci gaba da rayuwa. Wanda ba shi da inda zai koma, sai a mayar da shi ɗaya daga cikin manyan sansanonin da aka bari. Na je na duba gidanmu. Ɓangaren mai gida na bulo ne, yana tsaye. Ɗakunan haya na baya kuwa ginin laka ne da aka yi wa shafen siminti, sun zauna gaba ɗaya, kwano ya kwanta a kai. Na tono kan keken ɗinkina daga cikin taɓo, ya yi jawur da tsatsa, yadudduka na mutane da na karɓa duk sun ruɓe. Da na dawo na gaya wa mai rajista cewa ba mu da wurin komawa, sai ya ce ba a ɗaukar maganar baki, in kawo shaidar bulama.

A Maiduguri bulama shi ne mai unguwa, a samansa akwai lawan, sannan hakimi. Shi ma bulamanmu ruwa ya kore shi, sai da na yi ta tambaya kafin na same shi a gidan ɗansa a wajen Bulumkutu. Kuɗin Keke Napep a lokacin ya ninka saboda zagayen da ake yi, inda ake zuwa a naira 300 sai ka ba da 800 ko 1,000. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakunanmu sun faɗi, an ce sai da takardarka." Ya ce, "Ɗana, na san ka, na san uwarka, amma mai gidan naka ya san ka zo?" Na nuna masa rasit ɗin haya da uwargida ta tsira da shi, ya jiƙe ya bushe, tawada ta bazu amma ana ganin suna da shekara. Ya sa ɗansa ya rubuta 'yan layuka a takarda cewa wane ɗan haya ne a gida kaza, ɗakinsa ya rushe, iyalinsa mutum bakwai, ya buga hatimi ya sa hannu. Bai karɓi ko sisi ba. Na yi kwafin takardar guda uku a naira 100 kowace, na ajiye ta asali a ledar nan.

Da wannan takarda da katin aka saka mu a motar da ta kai mu sansani na biyu. Waɗanda ba 'yan Maiduguri ba za su so su san irin waɗannan wurare. Manyan sansanonin da aka tattara mutane a cikinsu, irin su Bakassi da ke hanyar Damboa, da Teachers Village, da na hanyar Gubio, asalinsu rukunin gidaje ne da gwamnatin jiha ta gina. Na hanyar Gubio ma har yanzu wasu da sunan rukunin gidaje 400 suke kiransa. Lokacin da rikicin Boko Haram ya koro mutanen ƙananan hukumomi irin su Gwoza, Monguno, Marte da Guzamala, a irin waɗannan gidaje aka zaunar da su shekara da shekaru. Gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta rufe Bakassi a ƙarshen 2021 da nufin mayar da mutane garuruwansu, sai ga ambaliya ta sa an sake buɗe shi. Mu da muke kallon 'yan gudun hijira daga nesa muna cewa Allah sarki, sai ga mu a ɗakunan da suka bari.

A bakin ƙofar sansanin da aka kai mu akwai jami'an tsaro da 'yan sibiliyan JTF, wato matasa 'yan sa-kai masu taimaka wa sojoji, suna duba kati. Daga nan aka kai mu teburin manajan sansani, aka sake ɗaukar sunayenmu, aka rubuta lambar gida a bayan katin. Mun yini a rana kafin layi ya zo kanmu. Gidan da aka ba mu ɗaki biyu da falo ne, iyali huɗu a ciki. Mu muka samu ɗaki guda saboda Inna, wata mata mai rajista ce ta gan ta zaune a ƙasa tana haki ta ce, "Mama, taso, ku za a fara ba." Allah ya saka mata da alheri. Ɗakin ba ƙyaure, tagar ba gilashi, silin ya zazzago ta gefe ɗaya, ciyawa ta fito a tsagar siminti. A jikin bango akwai rubutun gawayi na yaran da suka zauna kafin mu, baƙaƙen a, b, c da lissafi, da wata ƙusa da aka kafa daidai tsayin rataye fitila. Muka share, muka rataya zani a ƙofa, na toshe taga da kwali da leda. Daren nan Inna ta yi sallah a tsaye ba wanda ke tsallake ta, ta ci abinci ta ƙoshi. Duk lalacewar ɗakin, rufin asiri ne, kuma ba zan taɓa raina shi ba. Waɗanda suka zo bayanmu sun tarar gidaje sun cika, a rumfunan tamfol aka ajiye su a fili, damina kuma ba ta gama sauka ba.

Kowane layin gidaje yana da shugaba na maza da shugabar mata, ta hannunsu sanarwa take zuwa, kuma su ke kiran suna ranar rabo. Wanda bai san shugaban layinsa ba abubuwa da yawa za su wuce shi. An raba tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti da sabulu. Ruwa a tanka ake kawowa, ana zuba masa magani. A farkon Oktoba gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara, hankalin kowa ya tashi. Ƙaramar 'yarmu ta fara gudawa da dare, muka ruga da ita rumfar ma'aikatan lafiya da ke cikin sansani, suka ba ta ruwan gishiri da sukari suka riƙe ta har safe, ba a karɓi kuɗi ba, Allah ya sa ba ita ba ce. Duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan wuri, ranar da ya sauka ya nemi inda rumfar lafiya take, kada ya bari sai dare ya raba yana lalube.

Mataki mafi wuya ga ɗan haya shi ne na tantance gidaje. Gwamnati ta kafa kwamitin rabon tallafi ƙarƙashin Injiniya Baba Bukar Gujbawu, ma'aikata suna bi unguwa-unguwa, gida-gida, suna kasa ɓarna kashi uku: wanda ya rushe gaba ɗaya, wanda ya rushe wani ɓangare, da wanda ruwa ya shiga ya lalata kaya kawai. A unguwa ake wannan aiki, ba a sansani ba, don haka dole ka san ranar da za a zo layinku ka je ka tsaya a kangon ɗakinka. Na bar lambata wurin mai shagon bakin layinmu, shi ya kira ni. Da masu tantancewa suka shigo, mai gidanmu ya tarbe su ya zagaya da su, aka rubuta sunansa a kan ginin, wanda haƙƙinsa ne, shi ya gina. Suna shirin fita na ce, "Yallaɓai, mu fa? Mu biyar ne 'yan haya a nan, kowa da iyalinsa." Ɗayansu ya ce an riga an rubuta gidan. Mai gida ya kawar da kai bai ce uffan ba. Sai na fito da takardar bulama da rasit da katin sansani, ɗan bulama da ke rakiyarsu ya ce ya san mu duka. Shugabar tawagar ta karanta ta ce a rubuta kowane magidanci daban a kan asarar kayansa. Mu uku muke wurin, mu aka rubuta. Biyun da ba su zo ba, ɗaya yana jinyar matarsa ɗaya ya tafi ƙauye, har yau suna bin sawu.

Sun nemi lambar waya, lambar asusun banki da shaidar ɗan ƙasa. A nan mutane da yawa suka maƙale, domin takardu sun bi ruwa. Takardar NIN ɗina, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ta tafi, amma layina yana nan, na danna *346# lambar ta fito, na danna *565*0# na samu BVN, lambar da banki ke tantance mai asusu da ita, 'yan kuɗi kaɗan ake cira a katin waya. Wannan yana aiki ne kawai da layin da aka yi rajista da shi tun farko, shi ya sa wanda wayarsa ta ɓace sai ya fara dawo da layinsa tukuna. Katin cirar kuɗina ma ya ɓace, banki suka ce in kawo takardar rantsuwa daga kotu. Tsakanin kuɗin rantsuwa, hoton fasfo, sabon kati da kuɗin mota na kashe kusan naira 7,000, bashi na ci a wurin wani abokin sana'a. Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: sunan da ke kan asusu ya zama daidai da wanda aka rubuta a tantancewa. Wata bazawara a gidan da muke ta ba da asusun ɗan mijinta saboda ba ta da nata, kuɗi suka shiga, yaron ya kashe wayarsa. Gara mutum ya sha wahalar buɗe nasa ko da na waya ne.

Sai jira. Kullum ka ji an ce alat ya shigo wa 'yan unguwa kaza, kowa ya zaro waya yana dubawa. A lokacin na wanke kan kekena da kananzir, na sa masa mai, wani kafinta ya haɗa mini tebur da katakon da aka tsinto, na fara facin kaya a barandar gidan naira 100, naira 200. Da ranarmu ta zo naira 100,000 ta shigo, aka kuma kira mu da kati muka karɓi shinkafa da wake da tabarmi. Na gode wa Allah, na gode wa duk wanda ya sa hannu. Amma tare da tallafin maganar barin sansani ta zo, domin tun farko an ce zaman na wucin gadi ne. Mai gida ya samu nasa ya fara gyara ɓangarensa, ya ce ɗakunan haya sai ya samu hali, kuma ragowar watanni biyar da na biya ba ya da abin mayar mini. Na shiga neman ɗaki. Duk unguwannin tudu haya ta tashi, domin kowa can yake nema. Ɗaki biyu da nake biya 120,000 a shekara, dillalai suna kiran 200,000 zuwa sama, ban da la'adarsu. Ƙarshe ɗaki ɗaya na samu a can bayan gari, Inna ta koma wurin ƙanwata, abin da ba ta so, ni ma ban so ba.

A nan nake da magana da hukuma, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta. Buɗe makarantu da rukunin gidajen nan ya ceci rayuka, ba mai musun wannan. An kuma amince da naira biliyan 80 a farkon 2025 don sake gina madatsar Alau, wanda shi ne maganin abin daga tushe. Amma tsakanin ranar da aka ce a bar sansani da ranar da talaka zai iya biyan haya akwai rami mai zurfi, kuma 'yan haya ne ke faɗawa ciki. Gidajen da muka zauna na gwamnati ne, da kuɗin jama'a aka gina su. Da za a sa musu ƙyaure da taga, a gyara rijiyar burtsatse, a ba waɗanda aka tantance cewa 'yan haya ne ɗakinsu ya rushe, na shekara ɗaya ko biyu, a kan haya mai sauƙi da ake biya wata-wata, da yarjejeniya a rubuce mai ranar shiga da ranar fita, da mutane irina sun miƙe ba tare da sun raba iyalinsu ba. Na san tsoron da ake ji, kada sansani ya sake zama na dindindin kamar na baya, kuma tsoro ne mai dalili. Takardar yarjejeniya da shaidar bulama za su iya tsare wannan. Mu ba kyauta muke roƙo ba, muna da sana'a, lokaci kawai muke buƙata. Gidan da aka kulle ba kowa ciki ma lalacewa yake yi, mun gani da idonmu a silin da tagogin da muka tarar.

Ga wanda abin ya sama, Allah ya kiyaye, ga abin da zan ce masa. Tun kafin damina ya haɗa rasit ɗin haya, katin shaida da lambobin NIN da BVN a leda guda, ya ɗauki hotonsu ya tura wa wani ɗan uwa a wani gari ta WhatsApp. Idan mai gida ba ya ba da rasit, ya nema, ko a takardar littafi ce da sa hannu da shaida biyu. Ya tabbata bulama ko mai unguwa ya san fuskarsa tun ana zaman lafiya. A sansani kada ya biya kowa kuɗin rubuta suna, kada ya kwana a waje har sai kati ya shiga hannunsa, idan dole ne a duba gida a tura wani a bar magidanci. Ya ɗauki hoton ɗakinsa da kayansa kafin ya kwashe komai. Ranar tantancewa ya tsaya da ƙafarsa a ƙofar ɗakinsa, ya ga an rubuta sunansa daban da na mai gida, ya roƙi a karanta masa lambar asusun da aka rubuta ya ji da kunnensa. Idan akwai maƙwabcin da ba ya nan, a kira shi a waya nan take, ko a roƙi wakilin bulama ya shaide shi kafin tawagar ta bar layin, domin da zarar sun wuce, dawo da su sai an koma ofis an rubuta takardar ƙorafi an shiga sabon layi.